Dole Kaisar Ya Mutu: Wasan Kwaikwayo A Gidan Yari

Dattawan ƙasarmu su kan ba mu labarin zamanin majigi, sa'ad da motar Gwamnati ta kan shiga gari da rani, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar lisha, a nuna wa jama'a noman gyaɗa da tsabtar rijiya, mai bayani yana tsaye yana fassarawa. Yau majigi ta shige aljihun kowa. Kwanan baya wani malamin makaranta, abokina, ya zo nan Fagam hutu daga Birnin Kudu da kwamfutarsa, ya ce in zo in ga wani abu. Muka zauna a zaure muka kalli wani fim na ƙasar Italiya, an rubuta fassarar maganarsa da Ingilishi a ƙasa. Inda Turancina ya gaza, shi ya ɗauke ni. Kafin ya koma sai da na kalle shi sau uku.

Ni akawu ne a ofishin hakimi, ban yi karatun sinima ba. Amma na sha rubuta ƙarar da ta ƙare a gaban alƙali, na kuma sha ganin mutum ya komo gari bayan ya gama zaman kaso. Sabo da haka na ga ya kamata in ba ku labarin fim ɗin nan, in faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza, sa'an nan mu duba abin da ya shafe mu a ciki.

Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Mu mutanen wannan yanki mun san zanen dutse da idonmu, gama ga shi can a duwatsun Birnin Kudu, siffofin shanu waɗanda mutanen da suka zana, zamanai sun shuɗe ba su goge ba. To, in haka halin ɗan Adam ya ke, ɗaure mai laifi ba shi da wani amfani sai a tsare jama'a daga sharrinsa, ran da aka sake shi kuwa ya ɗora daga inda ya tsaya. Wannan karin magana ita ce na yi ta aunawa sa'ad da na ke kallo.

Sunan fim ɗin da harshensu Cesare deve morire, watau Dole Kaisar Ya Mutu. Waɗansu tsofaffi biyu, wa da ƙane, Vittorio Taviani da Paolo Taviani, su suka yi shi, ko wannensu kuwa ya kai shekara 80 a lokacin. Ya fito a 2012, a watan Fabrairu na shekarar ya ci babbar kyauta ta gasar finafinai ta birnin Balin a Jamus. Tsawonsa bai kai sa'a ɗaya da minti ashirin ba. Duka a gidan yarin Rebibbia aka ɗauke shi, a birnin Rum, a sashen da a ke tsare masu manyan laifuffuka. Akwai wani malami, Fabio Cavalli, wanda ya yi shekaru yana shiga wurin yana koya wa fursunoni wasan kwaikwayo. 'Yan'uwan nan biyu sun je kallo wata rana, abin ya kama su, suka nemi a bar su su ɗauki hoton fursunonin suna shirya wasan Yuliyus Kaisar, wanda William Shakespeare, mashahurin marubucin Ingila, ya rubuta wajen 1599. Yanzu duka biyun sun mutu, wan a 2018, ƙanen a 2024.

Ga labarin wasan a taƙaice. Kaisar sarkin yaƙin Rum ne, ya ci ƙasashe da yawa, talakawa suna sonsa. Manyan majalisa suka tsorata kada ya naɗa kansa sarki, alhali Rumawa sun daɗe da yar da sarauta. Wani mai suna Kasiyus ya shiga zuga Burutus, wanda ya ke aminin Kaisar ne, mutum mai mutunci kuma, har ya yarda cewa ceton gari sai da jinin amininsa. Da ɗan gari a kan ci gari. Ran 15 ga Maris, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, suka taru suka sassoke shi da wuƙaƙe a majalisa. Burutus ya fito ya yi wa jama'a bayani, suka yarda. Antoni, wani na hannun daman mamacin, ya hau bayansa ya yi magana a kan gawa, nan take ya juya hankalin jama'ar. Yaƙi ya tashi, bayan shekara biyu aka ci Burutus da Kasiyus a wani wuri da a ke kira Filibi, ko wanne ya mutu da takobinsa.

Fim ɗin daga ƙarshe ya fara. Muna ganin daren wasa da launinsa, Burutus ya faɗi, jama'ar da suka zo daga waje sun miƙe suna tafi, 'yan wasa suna ihun murna. Sai 'yan kallo su bi ƙofa su tafi gida. 'Yan wasa kuwa gandirebobi su tasa su gaba, ko wanne ya tsaya a bakin ɗakinsa, a buɗe ya shiga, a ja ƙofar ƙarfe a murɗa mabuɗi. Sai launi ya ɗauke, hoto ya koma fari da baƙi, a mai da mu baya wata shida, ran da aka fara zaɓen 'yan wasa.

Wurin zaɓen nan shi ne ya fara kama ni. Malamin ya ce ko wane mutum ya faɗi sunansa, da sunan ubansa, da garin haihuwarsa, sau biyu. Na farko kamar yana bakin iyakar ƙasa zai rabu da matarsa, yana kuka. Na biyu kamar an tilasta masa, yana fushi. Ni da aikina kullum ke nan, rubuta suna da sunan uba da gari a littafi, ban taɓa sanin kalmomin nan suna da nauyi haka ba. Masu fim ɗin sun faɗa daga baya cewa sun ba su zaɓi su ɓoye sunansu na gaskiya, amma suka ƙi, don suna so duniya ta tuna suna nan da rai. Bayan an zaɓa, sai a nuna fuskar ko wanne, a rubuta ɗaurinsa a ƙasa. Giovanni Arcuri, shi ne Kaisar, shekara 17 sabo da fataucin miyagun ƙwayoyi. Antonio Frasca, shi ne Antoni, shekara 26. Salvatore Striano, shi ne Burutus, shekara 14 da wata 8, sabo da shiga ƙungiyar masu aikata manyan laifuffuka. Cosimo Rega, shi ne Kasiyus, ɗaurin rai da rai, sabo da kisan kai.

Kyaun fim ɗin na farko shi ne, malamin bai tilasta musu yin magana da Italiyancin littafi ba. Ya ce ko wanne ya faɗi nasa da karin harshen garinsu, mutumin Nafoli da na Nafoli, mutumin Sisili da na Sisili. Misali kamar a ce Basakkwace ya yi Sakkwatanci, Bahaɗeje ya yi Haɗejanci, Baguddiri ya yi Guddiranci. Ko da ya ke ban ji harshen ba, na gani a fuskokinsu maganar daga ciki ta ke fitowa, ba hadda ba ce irin ta ɗan makaranta da ke tsoron bulala.

Kyau na biyu, da ya ke ana gyaran ɗakin wasa, sai suka riƙa gwaji a inda suka samu, a ɗakunan kwana, a lunguna, a ɗakin littattafai, a filin shan iska. Ashe gidan yari ya dace da labarin. Masu ƙulla makirci suna raɗa a lungu mai duhu. An kashe Kaisar a wani ƙuntataccen fili tsakanin garu da garu. Sa'ad da Burutus da Antoni su ke jawabi a kan gawa, sauran fursunoni sun zama jama'ar Rum, suna ihu ta tagogi masu sandunan ƙarfe. Har gandirebobi an nuno su daga sama suna leƙe, lokacin komawa ɗaki ya yi, amma suka jinkirta don su ga yadda za ta ƙare.

Kyau na uku, shi ne babba, mutanen nan sun san abin da su ke kwaikwaya. Amana da cin amana, rantsuwar asiri, bin umurnin babba a kashe wanda aka ci tuwo tare da shi, duk ba a littafi suka fara jinsu ba. Akwai inda mai yin Burutus ya ke cikin magana sai ya tsaya cik, ya kasa ci gaba, don kalmar ta tuna masa da wani abokinsa na da, da abin da ya auku tsakaninsu. Akwai kuma inda mai yin Kaisar ya bar maganar wasa, ya dubi abokin wasansa ya ce masa ya daɗe da sanin yana cin namansa a bayan ido, har suka fita waje za su ba hammata iska. A nan mai kallo ya kan rasa inda wasa ya ƙare, inda gaskiya ta soma.

Kada kuwa mu ce wannan labarin Rumawa ne kaɗai. A Barkina Faso an kashe Thomas Sankara ran 15 ga Oktoba 1987, amininsa Blaise Compaoré ya hau mulki, a 2022 kuma kotun ƙasar ta same shi da hannu a kisan, ta yanke masa hukunci ba ya nan. A Nijar sojojin da ke tsaron Shugaba Ibrahim Bare Mainasara su suka harbe shi ran 9 ga Afrilu 1999. Abin da Shakespeare ya nuna shi ne, wanda ya zub da jini don gyara ƙasa ya kan ga jinin ya ƙi tsayawa inda ya so.

To, sai ƙarshen fim. An komo daren wasa, an yi tafi, an rufe ƙofofi kamar yadda muka gani da fari. Amma yanzu mun san mutanen, sabo da haka ƙarar mabuɗin ta fi ciwo. Sai a bi Cosimo Rega, mai ɗaurin rai da rai, har cikin ɗakinsa. Ya dubi bango, ya ce tun ran da ya san wannan sani, ɗakin nan ya zame masa kurkuku. Ya juya ya ɗora tukunyar gahawa. Shi ke nan.

Na daɗe ina tunanin wannan magana. Mutum ya yi shekaru a ɗaure, ya ce sai yanzu ya san a ɗaure ya ke! Amma ku da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci da gemunku, ko da goyo a bayanku, ina tsammani kun fi ni gane ta. Ran da ɗayanku ya fara karanta wasiƙa da kansa, ba wanda ya karanta masa, ya yi murna. Bayan murnar kuwa wani abu ya kan biyo, watau ya tuna takardu nawa ya dangwala wa yatsa bai san abin da ke ciki ba, asirinsa nawa ya tonu a bakin mai karanta masa. Jahilci yana ɗaure mutum, yana kuma hana shi jin igiyar. Ilmi ya kan fara da sa a ji ta. Masu fim ɗin nan ba su yi mana ƙarya cewa wasa ya sa fursuna farin ciki ba. Sun nuna ya sa shi ya san abin da ya ɓatar, da hannun wanda ya ɓatar da shi. Nadama kuwa ita ce ƙofar tuba, kamar yadda malamanmu suka karantar da mu.

Yanzu sai inda ya gaza, gama ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda a kansa.

Na farko, a kan lissafta shi cikin finafinan da ke nuna abu yadda ya auku, amma ba duka haka ya ke ba. An rubuta shi, an tsara shi, har faɗan nan da tsayawar Burutus an sake yinsu ne a gaban na'urar ɗaukar hoto. Har wa yau, Salvatore Striano ba ya ɗaure a lokacin. An sake shi tun 2006 cikin wata afuwa ta gaba ɗaya, ya zama ɗan wasan sinima, ya komo gidan yarin don wannan aiki kaɗai. Fim ɗin bai faɗa mana an sake shi ba sai a rubutun ƙarshe. Wanda ya ce zai ba da shaida, ya kamata tun da fari ya rarrabe abin da ya gani da abin da ya shirya.

Na biyu, shi ya fi damuna. A cikin wasa, Kaisar ya sami Antoni wanda ya tsaya a kan gawarsa ya nuna wa jama'a raunukansa ɗaya ɗaya. Amma mutanen da fursunonin nan suka kashe da gaske, da samarin da ƙwayoyinsu suka lalata, ba su sami mai tsaya musu ba. Layi ɗaya aka rubuta a ƙarƙashin fuska, aka wuce. Ba mu ga gwauruwa ba, ba mu ga maraya ba. Sai mai kallo ya tashi yana jin tausayin mai kisa, ya manta da wanda aka kashe. Abokina ya nuna mini wani fim na Amurka, Shakespeare Behind Bars, na 2005, wanda aka ɗauka a wani gidan yari a Jihar Kentaki. Bai kai wannan kyaun hoto ba, amma a can an sa mutanen sun faɗi abin da suka aikata da bakinsu, suna hawaye. Ta wannan fuska ya fi. Mu dai mun san haƙƙin Allah tuba ke kankare shi, haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe. Tafin 'yan kallo ba ya biyan diyya.

Na uku, 'yan kaɗan ne aka zaɓa aka nuna mana. Shekara ɗaya bayan kyautar Balin, a watan Janairu 2013, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta sami Italiya da laifi sabo da cunkoso a gidajen yarinta. Wanda ya kalli fim ɗin kaɗai ba zai san da wannan ba. In baƙo ya zo gari aka kai shi zauren mai gari, bai ga gari ba tukuna.

To, ina ruwanmu? A da gidajen yari na Arewa yawancinsu a hannun En'e su ke, ƙarƙashin Yari, har ran 1 ga Afrilu 1968 da Gwamnatin Tarayya ta karɓe su. A 2019 aka yi sabuwar doka, aka sake musu suna, aka ce gidajen gyaran hali. Sunan ya yi kyau. Italiya ma tun 1948 tsarin mulkinta ya ce manufar hukunci ita ce sake tarbiyyar mai laifi. Amma rubuta suna a allon ƙofa ya fi gyaran mutum sauƙi. Ƙididdigar da hukumar gidajen ta bayar a 2023 da 2024 ta nuna kimanin mutum biyu cikin uku da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a su ke yi. Wanda bai san ranar da zai ga alƙali ba, alƙali ya ke bukata kafin malamin wasa. Wanda bai ƙoshi ba, abinci ya ke bukata. Wannan sai an faɗe shi tun da fari.

Bayan wannan kuwa, ban ga abin da zai hana mu gwadawa ba. Hukuma ta daɗe da kafa gonar fursunoni a Birnin Kudu don a koya wa hannu sana'a. Hannu kaɗai ba shi ne mutum ba. Koyarwa a kurkuku ba baƙon abu ba ne gare mu, gama Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a can ya karantar da samari biyu da aka ɗaure tare da shi. Kwaikwayo ma ba Turawa suka kawo mana ba. Ko wace shekara, azumi na kai goma, yaranmu su kan fito tashe, su kwaikwayi maigida da uwargida, da malami da marowaci, a yi dariya, mai hali ya ji a jikinsa. Harshe kuma ba zai hana ba. Julius Nyerere, shugaban Tanganyika, ya juya wannan wasa na Kaisar zuwa Suwahilanci a 1963, Ibrahim Yaro Yahaya kuwa ya juya wani wasan Shakespeare zuwa Hausa, Daren Sha Biyu, a 1971. Ko ba su ma, labarin ɓarawon shanu da makiyayin da ya wayi gari turke ba kome ya isa wasa. Sai dai a sa ɓarawon ya zama makiyayin, ya tsaya a matsayinsa, ya faɗi maganarsa da bakinsa. Ta haka za mu cike giɓin da Italiyawan nan suka bari.

Akwai sauran abu ɗaya, shi kuwa a wuyanmu ya ke, mu na waje. Na san wani saurayi a wani ƙauye na gundumarmu wanda ya yi shekara biyu a ɗaure sabo da satar awaki. Ya komo ya iya ɗinki, ya iya karatu. Ba wanda ya kai masa ɗinki, ba wanda ya ba shi 'ya. In akuya ta ɓata ko ina, ƙofarsa a ke fara zuwa. Shekara ba ta kewayo ba ya bar garin, har yau ba mu san inda ya ke ba. Mu muka ce halinsa zanen dutse ne, muka kuwa hana shi ya ƙaryata mu. A fim ɗin nan, abin da ya fi ba ni sha'awa a daren wasa shi ne 'yan kallo, mutanen gari da suka shiga gidan yari da ƙafarsu, suka zauna, suka ga fursuna yana yin abin da su ba za su iya ba. Da za a yi irin wannan a ƙasarmu, da na so a gayyaci dagacin ƙauyen mutum, da limaminsu, da baffanninsa, su zauna a sahun gaba. Gani ya kori ji.

Hukuncina a kan Dole Kaisar Ya Mutu shi ne, fim ne mai kyau ƙwarai, wanda ya faɗi rabin gaskiya da ƙarfi, ya bar rabin. Wanda ya sami hali ya kalle shi, ya nemi mai fassara masa, amma ya riƙa tunawa da waɗanda ba a nuno ba. Game da karin maganarmu kuwa, ga abin da na fahimta. Aikin da mutum ya riga ya aikata, shi ne zanen dutse, ba wasan da zai goge shi, ran da aka kashe ba ya komowa. Amma mai zanen yana iya koyon karanta abin da hannunsa ya zana, in ya karanta kuwa ya yiwu ya ƙi ƙara wani. Gemu ba ya hana ilmi, kun tabbatar da wannan da kanku. Ina tsammani garun kurkuku ma ba ya hanawa.

Allah ya kiyashe mu da aikin da na sani, ya ba waɗanda ke tsare mafita, ya saka wa waɗanda aka zalunta. Amin.